Sakatar Bindigar Baba

Bindigar da Baba ya bari ta girme ni.
Lasisinta na cikin akwatin ƙarfe,
tare da takardar gona da carbinsa mai ido ɗaya a ɓalle.
Daren da gyado ya shigo fadamarmu ta Wurno
na ja sakata, ta cije.
Na sake ja, ta toge kamar jaki a bakin gulbi.
Kafin ta yarda, dankalin kunya goma sha biyu
ya bi hancin baƙo.

Ran Laraba na naɗe ta a buhun taki, sai Sakkwato.

Jaɓɓi ya kwance wata daga takarda mai maiƙo,
sabuwa fil, tana ƙyalli kamar haƙorin Makka.
"Wagga ba ɗiyar kamfaninku ta ba," in ji shi,
"amma ta hi ta kai."
Kuɗinta buhu huɗu na albasa.
Na gwada ta, ta shige salin alin,
har ta yi mini saurin sabo.

Sajan Nomau mai ritaya, yana kurɓar shayi a gefe,
ya ce kada in soma.
A nemo ta gidansu, mai hatimin kamfani,
jini ɗaya da uwar ɗakinta.
Sai dai a rubuta takarda, a jira wata shida,
ko ta zo, ko a ce ana hanya.
Gyado kuwa bai san wata shida ba.

La'asar sakaliya na isa Maƙera Assada.
Labbo bai tambayi kuɗi ba, bai ma dube ni ba.
Ya shafa wa tsohuwar baƙin fitila,
ya zura, ya murɗa, ya zaro,
ya kai ta saitin idonsa mai gani.
"Haƙori guda ka cizo, gudan na hutu.
Shekara arba'in haka.
Ba ta mutu ba, yaro, karkacewa ta yi, awa ni."

Na tsaya da abu uku a zuciya:
mai ƙyalli, mai asali, da mai tabo.
Sai babban yatsana ya faɗa kan ƙululun sakatar,
inda tafin Baba ya cinye baƙin ƙarfen
ya bar wuri fari, sumul, girman ƙwandala.

Na ce a gyara.
Ya ce kwana uku, kuma zai goge har ƙululun.
Na ce a'a, ban da nan.
Nan ne ya ɗago kai.

Yanzu dare huɗu ina kwana a bukkar fadama.
Sauro ya zo, wata ya zo, kwaɗi sun cika gulbi da surutu,
gyado bai zo ba.
Wani lokaci, ba harsashi a ciki,
nakan ja ta a hankali, in mayar,
don kawai in ji ƙarar nan
da ke tashe ni da asuba ina ɗan shekara bakwai.