Saukowa Daga Giginya

Kofin bai kai na shayin Buzaye ba.
Malama Ladidi ta auna, ta ɗaga shi ga haske,
ta miƙo min ta taga.
"Shanye a gabana, Talle. Buɗe baki in gani."
Ni da shekara talatin da huɗu,
ina hangame baki kamar ɗan tsako.

Metadon ake ce masa.
Ba ya kai ni ko'ina,
ba ya shimfiɗa min tabarmar nan ta auduga
da hiroyin ke shimfiɗawa a ƙarƙashin gadar Ikko.
Ƙashina kawai yake lallashi ya yi shiru
har gobe war haka.

Dakon tumatir na tafi yi Kudu.
Kwando saba'in a wuni, baya ya ce bai san zance ba,
wani ɗan garinmu ya ce ga maganin gajiya.
Gajiyar ta tafi.
Ta tafi da wayata, da kuɗin jinga,
da haƙora biyu,
da na dawo gida ta bi ni har zaure,
ta ɗauki injin ban-ruwan Baba
ta kai shi Gujungu ran Lahadi.
Da hannuna ta ƙirga kuɗin.

Sau uku na ce na bari da ƙarfin tsiya.
Suka kulle ni a ɗakin ajiyar albasa.
Hamma, majina, hawaye ba na kuka ba,
sanyi a tsakiyar bazara,
ciki na murɗawa kamar ana matse wanki,
ƙafa na shure-shure ita kaɗai.
Inna ta tofa duk abin da ta haddace.
Ran na huɗu na ɓalle ƙyauren.

Likitan bai yi min wa'azi ba.
Ya ce, "Ka taɓa hawa giginya?"
Na ce har na sha faɗa a kai.
Ya ce, "Da ka kai ƙololuwa, tsalle kake yi?"
Na yi shiru.
Ya ce, "Rungume za ka yi, ka zamo kaɗan-kaɗan.
Ƙirji zai goge, amma da ƙafarka za ka taka ƙasa.
Kada ka haɗa shi da komai. In ka haɗa, barcin ba tashi."

Kullum bayan asuba
ƙanena Nomau ke tayar da babur.
Man lita ɗaya da rabi, zuwa da dawowa,
daga kuɗin da yake tarin sayen maraƙi.
Ba ya magana a hanya.
Ni ma bayansa kawai nake riƙewa.

A majalisar mai tsire an yanke min hukunci:
wai ubangida na sake, bauta tana nan.
Wata rana sai in ji kamar da gaskiyarsu.
Ran da ruwa ya cinye hanyar Ringim
na kwana ina ƙirga azarar ɗaki,
lambar mutumin nan tana yawo a kaina,
ba ta ɓace ba, ko ɗaya.
Nomau ya kwanta a bakin ƙofa, ya yi matashi da takalmana.

Wata tara ke nan.
Malama Ladidi ta rage layi biyu a jikin kofin,
ta ce yaye ba a yi masa gaggawa.
Ban san sauran gaɓa nawa ba kafin ƙasa,
na daina leƙawa.

Jiya na dasa albasa kwami shida a fadama,
da injin aro.
Baba ya zo ya tsaya a kan kunya,
ya daɗe yana kallon ruwan,
sannan ya ce layina ya karkace.
Rabon da ya yi min magana, damina biyu.

Da daddare Inna ta zuba min miyar kuka,
na ce daddawa ta yi yawa.
Ta ajiye ludayin, ta zuba min ido.
"Ashe harshenka ya dawo."