Kunya Biyu

A Lamingo, gefen tsohon ramin kuza
inda ruwa ya kwanta kore, ba ya ko motsi,
nan nake da kunya ashirin da huɗu,
tumatir zalla.

Bara ɗari ya sauko daga duwatsun Shere,
dare uku kacal ya yi,
ya cinye min kwando ɗari
bai ko yi gyatsa ba.
’Ya’yan suna ƙanana kamar gurjiya,
na ɗaga ganye da safe, na tarar sun yi tabo,
sun saki reshe tun ba su san ja ba.

Bana sai ga Chundung, ’yar Baba Gyang maƙwabcina,
mai karatun aikin gona,
da wata kwalba da ba ta kai ta turare ba.
Ta ce, Malam Tanimu, wannan ba taki ba ne,
ba maganin ƙwari ba ne kuma.
Ita shukar tana da irinsa a jikinta, ɗan mitsitsi,
da shi take aika wa ’ya’yanta saƙo.
Mu dai riga sanyi za mu yi da kai labari,
su kintsa kafin ya iso.

Na yi dariya har hulata ta karkace.
Bargo na sani, hayaƙin yayi na sani,
amma saƙo a kwalba?

Ta auna ɗigo-ɗigo cikin jarka,
tana ƙirgawa da leɓe.
Da la’asar muka goya famfon feshi.
Kunya biyu na ƙarshe na tsaya a kansu,
na ce waɗannan a bar min su yadda Allah ya yi su.
Ba ta yi musu ba. Ta dai rubuta.

Daren Talata ya zo da haƙora.
Ruwan buta ya ƙi taɓuwa,
karnukan unguwa suka yi tsit,
ni kuwa ina kwance ina lissafin bashin mai iri.

Kwana biyar na bi kunya-kunya a tsugune.
Ba ƙarya zan yi ba, ko cikin na feshin an yi asara,
ɗaya nan, uku can.
Sauran suna maƙale, fata sumul,
tauri a hannu kamar ƙwallon goruba.
Ta ce sun tara zaƙi a ruwan jikinsu,
ɓawon ya yi ƙwari, sanyi bai sami ƙofa ba.

Nawa biyun fa?
Ƙasa ta sha ’ya’ya.
Na tsaya a tsakaninsu hannu a aljihu,
kunya biyu a ƙasa, ta uku a fuskata.

Chundung ta rufe littafinta, ta ce na gode, Malam.
Ba don gardamarka ba,
da wa zai yi min shaida?