Kiwon Sauro

Inna, in an tambaye ta aikina,
sai ta gyara kallabi ta ce, "Yana asibiti."
Ba ƙarya ta yi ba, ba ta dai ƙarasa ba.
Wa zai buɗe baki a gidan suna, a tsakiyar Gidan Igwai,
ya ce ɗansa, bayan duk wannan karatu,
sauro yake kiwo?

Jikan masu shanu ne ni.
Kakana ya san kowace nagge da sunanta.
Nawa garken yana cikin akwatuna goma sha biyu,
ba ya son kiwo, ba ya son mashaya,
sai auduga jiƙe da ruwan sukari,
matan kuma, ran Laraba, ɗan jini mai ɗumi.
A gari mutum ke shiga gidan sauro, sauro na waje.
Nan mun juya zancen:
su ke ciki, mu ke tsaye muna gadi.

Da asuba ni da Modi
mukan bi hanyar Kwalkwalawa da ludayi da bokiti,
mu durƙusa gefen fadamar shinkafa
inda kofato ya bar 'yan rijiyoyi,
mu kwashi tsutsa.
Wani manomi ya dafa fartanya ya ce, "Mi kuka biɗa?"
Modi ya ce ɗiyan sauro.
Ya dube mu tun daga hula har takalmi.
"Ku taho gidana da dare, ku ɗiba kyauta."

Bayan azahar sai madubi.
Ɗigon jini a kan gilashi, an rina shi kamar ya fito karofi.
Ba suna a jiki, lamba kawai:
ɗari huɗu da sha bakwai, mace, shekara uku, Dundaye.
Na murɗa, hazo ya washe,
ga su nan, zobba ƙanana
kowanne da ɗan dutsensa ja,
abin da kyau, Allah ya yafe mini, da kyau.
Ina danna abin ƙirga kamar mai jan carbi
har babban yatsa ya gaji
ban kai ƙarshen fili ɗaya ba.

Kuluwa ma shekararta uku.
Masassara ta kwana biyu, sai jijjiga,
aka ce iska ce, aka yi turare.
Ina da shekara tara, an aike ni sayen kananzir,
na dawo na tarar da takalma a ƙofa.
Ba wanda ya taɓa duba jininta.
Wani lokaci nakan ɗaga ido daga madubin
don kada in ga abin da na riga na sani.

Jiya mun sa sauro ɗari a kan takarda mai magani,
awa guda cur, muka mayar da su.
Yau na ƙirga gawa.
Bara tamanin da ɗaya.
Bana hamsin da uku.
Saura suna maƙale a jikin raga suna goge ƙafafu
kamar baƙin da suka ci suka ƙoshi.
Alƙalami ya so ya yi mini alfarma, na hana shi.
Hamsin da uku. Na sa hannu, na sa kwanan wata.
Sai aka ɗauke wuta,
Modi ya ruga wajen janareta yana salati,
don aikin damina uku na cikin firiza.

Da dare ina ɗaura wa Inna gidan sauronta,
ina cusa bakinsa ƙarƙashin katifa,
ta lura da wata 'yar ɓula, ta nuna mini da baki.
Na nemo allura.
Ina cikin ɗinki ta ce, ba tare da ta dube ni ba,
"Dabbobin naka, sun ci abinci?"

Na ce sun ci.
Ta ce, "To ka ci naka."