Gadin Sito na Uku

Ni ne Hamajoda, mai gadin sito na uku
a bakin hanyar Pitowa, nan Garwa,
inda motocin auduga ke kwana a jere
kamar shanun da suka gaji da tafiya.
Albashina sefa dubu arba'in.
Sandata ta gora ce, tocilana ya mutu tun bara.

Amma in sha biyun dare ta gota
sai in zaro waya mai tsagaggen gilashi
in shiga ƙasata.

Ina da ƙasa, kar ka yi dariya.
Tudu biyu da mashigin kogi,
ramin ƙarfe a gabas, kurmin katako a kudu,
gonakin alkama masu nuna duk bayan awa huɗu,
ba damina, ba taki, ba bashin iri.
Wata bakwai ina cin ta taku bayan taku.
Ganuwata ta kai hawa tara.
Mayaƙa dubu uku na jiran babban yatsana.

Ina da ƙawa a Mundu, a can sunanta Kunama,
ban san fuskarta ba, ban ma san ko mace ce ba.
Ni ke aika mata ƙarfe, ita ke tsare min yamma.
Ina da maƙiyi kuma, sunansa da wasu haruffa
masu kama da sawun kaji a kan yashi.
Darena ne ranarsa.
Shi kuɗi yake zubawa, ni barcina nake zubawa.

Daren Talata ya taso min.
Jan layi ya ɓullo daga kusurwar taswira
yana rarrafe, minti goma sha ɗaya zai iso mashigi.
Na kira Kunama, shiru.
Na dubi caji: saura shida.
Wutar unguwa ta tafi tun la'asar.
Na ce shida ya isa, in na yi a hankali.
Na jera maharba a kan ganuwa,
na fara kwashe alkama zuwa rumbun ɓoye,

sai na ji motsi bayan mota ta biyar.
Ƙaras. Shiru. Ƙaras.

Taura biyu ba ta taunuwa.
Abin da zan haska da shi
shi ne ƙasar da zan tsare.
Na zagi wanda ya ƙera batir,
na kunna fitilar waya, na ɗau gora.

Tsohuwa ce a durƙushe gindin taya,
tana tsintar audugar da iska ta yago daga tamfol,
tana cusawa a bakin zane.
Ba ta gudu ba. Ta kare ido da tafin hannu,
ta ce, Ɗana, wadda ta faɗi ƙasa ta wane ce?
Ban san amsa ba. Ba a gaya min ba ranar da aka ɗauke ni.
Ta ce, To haska min nan, idona ba ya gani.

Na haska mata.
Wayar na kaɗawa a hannuna, tana kaɗawa,
kowane kaɗawa ƙofa ce ta faɗi.
Uku. Biyu. Duhu.

Da safe na ba Bobbo sefa ɗari a rumfar caji.
Ganuwa ta zama toka, rumbuna an yashe,
a kan ramin ƙarfena tutar Kunama ce ke kaɗawa,
da saƙo: Na riƙe maka kafin ka dawo.
Yau kwana tara tana riƙe min.

Na sake farawa daga gona ɗaya da masu sara biyu.
Jiya na tarar da ƙullin zare a kan bencina,
fari, kaɗin hannu, mai kauri nan, siriri can.
Na ɗinke aljihun gaba da shi,
wanda wayar ke yawan zamewa ta ciki.