Daƙiƙa Biyu da 'Yan Kai

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sifana
a filin tseren bayan garinmu, a lardin Kordoba,
inda gonakin waken soya ke zuwa har bakin kwalta
su tsaya cak, kamar su ma sun yanki tikiti.
Ni ne Evaristo. Ba a rubuta sunana a jikin mota.

Kowace Lahadi musun ɗaya ne a rumfar gashin nama:
mota ce ko direba?
Anselmo mai sayar da taya ya ce inji ne komai,
ko buhun masara ka ɗora a kujerar, zai ci.
Matarsa ta ce, to ɗora kanka mu gani.
Aka kwashe da dariya,
ƙoƙon shayin mate ya ci gaba da zagaye hannuwa.
Ba wanda ya tambaye ni.

Bana mutum biyu ne suka raba garin.
Lisandro, ɗan mai kamfanin madara,
motarsa a lulluɓe aka kawo ta daga babban birni.
In ya taka totur a miƙe
sai ka ji kamar ana yaga sabon yadi daga nan har sama.
Sai Nelida Bustos,
wadda nake yi wa facin tsohuwar shuɗiyar mota
mai giya ta uku da ba ta shiga sai an roƙe ta.
Nelida ba ta taka birki inda mutane ke takawa.
Jira take.
Tana jira har hanjina ya ƙulle,
sannan ta zura kanta kwana ta bakwai
kamar zare a kafar allura.

Ranar ƙarshe hadari ya taso daga kudu,
ya yi ta cika baki, bai zubo ba.
Ta ci shi a kowace kwana, ya ci ta a kowane miƙe,
zagaye ashirin da biyar ana ba ni in ba ka.
Tuta ta sauka a kansa.
Ratar ba ta kai tsawon hannuna ba.
Anselmo har ya kusa haɗiye sigarinsa.

Abin da rumfa ba ta gani ba
da magariba ya faru, bayan an kwashe kujeru.
Lisandro ya shigo garejinmu,
kofin na reto a hannunsa kamar bokitin da aka aike shi da shi.
Ya ce, ba zan yi barci ba sai na sani.
Ya miƙa mata makulli.
Ta daɗe tana kallonsa, ta miƙa nata.
Ni aka ba agogo.

Sabuwar na amsawa tun Nelida ba ta gama tambaya ba.
Hannun da ya saba lallashi
ya rasa abin da zai lallasa.
A kwana ta bakwai ta yi jiran nan nata,
bayan motar ya juya ya gaida ciyawa.

Shi kuwa giya ta uku ta ƙi shi ƙememe.
Ya danna, ta yi ƙara, na ji har cikin haƙorina.
Ina zai san sai an ɗan karkata ta hagu,
an numfasa, sannan ta yarda?

Na duba agogo. Na goge gilashin da riga, na sake dubawa.
Ita ta yi baya da daƙiƙa biyu da 'yan kai.
Shi ma haka, har ya ɗan ɗara.

Suka tuɓe hulunan kwano, gashi sharkaf da gumi.
Ya ce, to me ke nan?
Ta ce, tambayi Evaristo.
Na ce, ni dai ƙarfe ɗaya ban taɓa jin ya yi amo ba,
ku matsa, kun tare mini haske.

Ya ci mini haƙora biyu a giyar nan.
Har asuba ina kwance a ƙarƙashinta,
baƙin mai na ɗiga a goshina,
ruwan da ya ƙi zuwa da rana yana dukan kwano.

Ban gaya wa Anselmo ba.
Musun ne ke sayar da naman.