Kunun Bango

Tukunyar tuwona ce, Nazifi,
sau uku ina faɗa maka.
Amma ƙarfe ɗayan dare sai in ji muciya tana bugun gindinta:
fulawa rabin kwano, ruwa, ɗan sukari,
kunun da babu mai sha.
Fulawar da na auno a Singa
da kuɗin manja.

Ka fice da bokiti da burushi,
takardu naɗe a hammata kamar tabarmar matafiyi,
ni kuma in zauna bakin gado
ina ƙirga haushin karnukan Gwammaja.

Gari ya waye, sai ga Baba Ɗanliti
a katangar tsohon gidan man Ƙofar Ruwa,
mai facin da muka binne bara cikin azumi.
Tsayinsa ya kai mutum biyu,
tayar keke a kafaɗa, ga giɓin nan nasa.
Takarda goma sha biyu aka jera
kafin kunnensa na hagu ya sami wurin zama.

Labarin ya riga ka dawowa gida.

An ce Malam Tasi'u ya tsaya ya yi a'uziyya,
ya ce hoton mai rai ma da magana, balle na mamaci.
Sai dai ya daɗe bai wuce ba.
Da zai tafi ya ce, hular ma ita ce.

Wani ɗan adaidaita ya taka birki,
ya leƙo: kansila yake nema?
Wace jam'iyya?
Aka ce ya rasu. Ya ce Allah sarki, ai da na zaɓe shi.

Alhaji Sammani mai katanga ya zo da zafinsa,
yana nuna jan fentin da ya rubuta da hannunsa:
AN HANA MANNA TAKARDA DA FITSARI A NAN.
Shekara takwas 'yan takara suna hawa kan juna a bangon,
fuska bisa fuska, har ya yi kaurin katifa,
bai taɓa cewa uffan ba.
Yau da aka manna wanda bai nemi komai ba
yake tambayar ina izini.

Mai awara kuwa cewa ta yi
tana binsa ɗari biyu,
ta kalle shi, ta ce ta yafe.

Ni ban je ba. Na ce me zan gani,
fulawata a bango?

Kwana uku awaki suka gano daɗin kunun,
suka cinye masa takalma har idon sawu.
Kwana biyar yaran kamfen suka zo da nasu bokitin,
suka ɗora wani mai murmushi a ƙirjinsa.
Sannan ruwan Agusta,
wanda ba ya tambayar na wane ne.

Ranar ta tara na ce zan sayo gawayi.
Akwai gawayi a gida.

Na tarar da saura: rabin hula, ido ɗaya,
da hannun dama, baƙin mai a ƙarƙashin farce,
har shi ka zana, ɗan banza.
Wata mata tsaye da goyo, ban santa ba,
tana danna gefen takardar da tafin hannu
inda ya ɗago,
tana dannawa, yana ɗagowa.
Aka raɗa min Hansatu ce, 'yarsa, daga Kurna take zuwa,
kullum tun ran farko.
Ba su da hotonsa ko ɗaya.

Ban yi mata magana ba.
Na sayi gawayin.

Har yanzu ina cewa ɓarna ce,
abin da za a ci a shafa wa siminti.
Kuma in 'yan sintiri suka kama ka
ba ni da kuɗin beli, ka sani.

Amma tsohuwar tukunyar nan mai kunne ɗaya
tana bayan randa.
Ka daina taɓa min ta tuwo.
Kuma ruwan yana maka yawa,
shi ya sa gefen yake ɗagowa.
Ka bari ya yi kauri, ya riƙe muciya,
kamar na mai jego.