Kwandon Selvarani

Shekara talatin igiyar kwando na goshinta,
tana tsinkar ganyen shayi a tsaunin Hatton.
Kwandon ya sauka, nauyin ya ƙi sauka.

Da asuba jikanta Kumaran kan tsoma tawul a ruwan zafi,
ya gasa mata ƙugu,
ya murza man riɗi har yatsunsa su gaji.

Likitan Kandy ya ɗaga hoton ƙashi:
"Nan ne ya cinye."
Ya rubuta ƙwaya, ya hana ta yinin kwance,
ya ce tafiya, ko zuwa famfo ne.

Taku arba'in, dafe da bango.
Jiya ta yi hamsin.

Da dare, matashi ƙarƙashin gwiwa,
ruwa na dukan kwano.
Ciwon na nan, ya dai rage murya.